Kwaɗo da Kaskon Rijiya

Kafin a yi garin, rijiyar aka fara yi. Haka tsofaffi suka faɗa mana, kuma duk wanda ya dubi yadda gidajenmu suka zauna ya san ba ƙarya suka yi ba. Kowace ƙofa rijiyar take kallo, kowace hanya can take gangarawa, kamar yatsu da suka haɗu a tafin hannu. Wasu 'yan'uwa uku ne suka zo da jaki ɗaya da dagi biyu, wato dogon ƙarfen nan na haƙa. Suka ga ciyawa kore shar a tsakiyar rani a wani ɗan kwari, suka sauke kaya. Daga gida uku aka koma bakwai, daga bakwai aka kai talatin da 'yan kai, kuma ba mu taɓa wuce haka ba. Ba mu da kasuwa, ba mu da tasha. Gero da wake da damina, albasa da rani a komayen lambu da ke kewaye da rijiyar. In a baki za a faɗi tarihinmu, shi ke nan an gama. Sauran yana cikin rijiyar, kuma mutum ɗaya ne yake shiga ya gani.

Kwaɗo muke ce masa. Gajere ne, siriri, mai dogayen hannuwa da faffaɗan tafin ƙafa, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. Daga zuriyar ƙaramin 'yan'uwan nan uku ya fito, kuma a gidansu yasar rijiya take tun farko, tare da dagi guda daga cikin biyun. Ɗayan babu wanda ya san inda ya shiga. Shi ma manomi ne kamar kowa, gonarsa ba ta fi ta wani ba, har ma ta fi ta wasu ciyawa. Amma sau ɗaya a shekara, in rani ya kusa ƙarewa, babu wanda ya kai shi girma a garin. Maza sukan yini suna jan ruwa suna zubawa a komaye har ya ragu ya dawo gwiwa, sannan a kira shi.

In ya ɗaura igiya a ƙugu ya juya baya ya fara sauka, cikin shekaru yake sauka. Gaba biyu na sama siminti ne, na shekarar da ma'aikata suka zo da farar mota suka gyara bakin, suka yi rubutu da tsinke kafin ya bushe, guga ta goge rubutun tun ba a je ko'ina ba. Ƙasa da simintin jan bulo ne, na shekarar da gefe ɗaya ya rufta da jakin wani baƙo. Kakansa ne ya jera su, kuma akwai bulo guda da kaza ta taka tun yana ɗanye, sawunta na nan har yau. Ƙasa da bulo sai baƙaƙen duwatsun 'yan'uwan, ba laka ba siminti, kowane dutse yana riƙe da maƙwabcinsa, ruwa yana tsattsafowa ta tsakaninsu. A jikin duwatsun akwai matakai goma sha ɗaya, 'yan ramuka daidai yatsun ƙafa. Daga nan sai ƙasan rijiya.

Yana da shekara goma sha bakwai mahaifinsa ya fara sauka da shi. Da suka kwashe laka da yashi, tsohon ya kama hannunsa ya nutsa shi cikin ruwa ya ɗora a kan wani abu mai santsi da sanyi, baƙin yumɓu mai tauri wanda ya shimfiɗu daga bango zuwa bango.

"Ka ji shi? Wannan shi ne kasko. Ka kwashe laka, ka kwashe yashi, ka kwashe duk abin da mata suka jefo. In ka ji santsin nan, ka tsaya. Ƙarfe ba ya taɓa shi."

"Don me, Baba?"

"Haka na tarar."

"To shi Kaka bai faɗi dalili ba?"

"Da na tambaye shi mari na sha. Kai ka ci sa'a, hannuna duk laka ne."

Iyakar abin da ya gada ke nan: igiya, dagi, da hani maras dalili. Mutanen gari kuwa, da yake ba su son abu ya zauna haka kawai, sai suka ce aljani ne yake kwance a ƙarƙashin kaskon. Kwaɗo bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba.

Mai riƙe masa igiya Maƙeri ne, abokinsa tun suna yawo ba wando, ƙato mai murya kamar ana gungura ganga. Shekara arba'in da wani abu suna gaisuwa iri ɗaya a bakin rijiya.

"Bana ka yi nauyi. Wallahi in ka ƙara ko loma ɗaya sakinka zan yi."

"Sake ni mana. In ga wanda zai riƙa sauraron ƙaryarka da yamma."

Ranar yasa ranar dariya ce. Kwando yakan fito da gugan da aka yi wata shida ana zargin maƙwabciya da ɗauke shi, da takalmi wari ɗaya, da cokula, sau ɗaya har da rediyon wani da ya rantse an sace masa. Shekara uku a jere Kwaɗo yana fito da awarwaro iri ɗaya na wata yarinya da ke da komaye huɗu na albasa gabas da rijiya. A ta ukun ya miƙa mata ya ce, "Ke, hannunki ne yake ramewa duk shekara?" Ta ce, "A'a, kan wani ne yake da tauri." Kafin damina ta tsaya aka yi aurensu. Mai Albasa muke kiranta har ta tsufa. Sun haifi biyar, uku suka rayu. Maza biyu suka tafi neman aiki nesa tun da ƙuruciya, Auta kuma ta yi aure a birni.

Akwai tambaya ɗaya da ake yi masa kowace shekara kafin a fara jan ruwan yasa. Yakan leƙa ya ƙirga matakan da ruwa ya rufe, mai gari ya ce, "Nawa bana?" A zamanin mahaifinsa amsar tara ce, kullum tara, har tambayar ta zama kamar gaisuwa. Shi ma ya yi shekara ashirin yana cewa tara. Sai wata shekara ya leƙa, ya daɗe, ya ce takwas. Aka yi dariya aka ce idonsa ne ya fara tsufa.

Damina ta riƙa zuwa a makare tana tafiya da wuri, kamar baƙon da aka ɓata wa rai. A kan tudun da ke arewa da mu, inda ruwan sama yake sauka ya ratso ƙasa ya iso mana, wasu masu hali suka sayi daji suka sare itatuwa suka yi babbar gona. Takwas ta koma shida. Shida ta daɗe, har muka saba da ita, sannan ta koma huɗu. Komayen nesa da rijiya suka fara bushewa, aka bar su, sai na kusa. Kwaɗo ya daina faɗin amsar da ƙarfi. Yakan ɗaga yatsu kawai, ya sunkuyar da kai kamar shi ya shanye.

Shekarar da nake son ba da labarinta, babu yatsan da zai ɗaga. Ruwan bai rufe ko mataki ɗaya ba. Ɗan abin da ya rage yana kwance a kan kasko, iyakarsa idon sawu. Guga ba ta nutsewa, sai mata suka koma ɗaura gwangwani a igiya. A ɗebi kaɗan, a zauna a jira ya taru, a sake ɗiba. Tun da safe layin tuluna da jarkoki yake miƙewa har ƙofar Maƙeri, kuma matan da suka yi shekara talatin suna cin abinci a kwano ɗaya suka fara zagin juna a kan rabin bokiti. Gida huɗu sun riga sun kwashe kaya. Kowa ya san abin da ake ciki: in rijiyar ta tafi, garin ya tafi.

Mai gari ya tara maza da hantsi a inuwar da ke kusa da rijiya. Wanda ya fi kowa magana Direba ne, ɗan yayar Kwaɗo, mai motar ɗaukar kaya, wanda ya ga duniya fiye da mu duka.

"Ni da idona na gani. A babbar gonar can sun kafa inji sun huda ƙasa gaba tamanin, ruwa ya taso kamar zai tsaga bututu. Ruwa yana ƙasa, jama'a! Mu muna zaune a kansa muna lasar gwangwani. Kawu, da girmanka, mene ne a ƙarƙashin kaskon nan?"

"Ban sani ba."

"Aljanin ne?"

"Ni ban taɓa ce maka aljani ba."

"To mene ne?"

"Na ce maka ban sani ba. An ce kada a taɓa."

"Wa ya ce?"

"Babana."

"Shi wa ya gaya masa?"

"Babansa."

Wasu suka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin dariyar mutanen da suka gaji. Direba ya sassauta murya ya ce, "Kawu, ka ba mu dalili guda ɗaya, ko ƙarami ne, wallahi ni zan fara yin shiru." Kwaɗo ya juya. Ya dubi Maƙeri, Maƙeri ya dubi ƙasa. Da yana da ƙaryar da zai yi, da ya yi ta a ranar. Amma shi mutum ne da bai iya ƙarya ba ko a wasa, shi ya sa Maƙeri yake cinye shi a hira kullum.

Mai gari tsoho ne mai taushin hali. Ya ce, "Kwaɗo, ba umarni nake ba ka ba, roƙo ne. In ka ƙi, ba zan ga laifinka ba. Sai dai yaron nan ya ce akwai masu haƙa a birni, jibi zai iya kawo su. Ni kuma ba ni da bakin da zan hana, don ni ma gwangwani ɗaya gidana ya samu jiya."

Da Kwaɗo ya koma gida ya tarar da Mai Albasa a tsakar gida tana goge kwanuka da yashi. Ya zauna a kan turmin da aka kifa ya yi tagumi. Ta riga ta ji, don a garinmu magana takan riga mai ita isa gida.

"Malam, me ka ce musu?"

"Ban ce komai ba. Ke me kika gani?"

"Ni me na sani? Babanka ya ce kada. Ni kuma abin da na sani, yau kwana tara ban wanke zanen nan ba." Ta ajiye kwano ta ɗauki wani. "Auta ta sake aikowa. Wai akwai ɗaki a gidan da suke haya, mu je."

"Kina so?"

"In je in zauna a ɗaki mai taga ɗaya ina gaida bango? A nan aka binne mini 'ya'ya biyu. Ba inda za ni, sai in ɗauka ta aka yi."

Ya daɗe yana kallon dagin kakanninsa a jingine a lungun rumbu. Sannan ya ce, "In baƙi suka shiga, ba su san shi ba. Fasa shi za su yi kamar suna fasa dutse. In dole sai an taɓa, gara hannun da ya san shi."

Washegari da safe Maƙeri ya wasa dagin har bakinsa yana ƙyalli. Da yake miƙa masa ya ce, "Ni na wasa. In laifi ne, mu biyu ne." Bai ce ya yi nauyi ba a ranar, Kwaɗo ma bai nemi ya faɗa ba. Gari duka ya kewaye bakin rijiya, har da masu goyo.

Kwaɗo ya wuce siminti, ya wuce sawun kaza, ya taka matakai goma sha ɗaya busassu. A ƙasa ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a kan kasko, kamar yadda ake taɓa goshin maras lafiya. Sanyinsa na nan yadda ya san shi. Daga can sama bakin rijiya ya zama kamar farin faranti, kawunan mutane sun kewaye shi. Ya yi bisimilla ya ɗaga dagi.

Yumɓun ya yi gardama. Tun hantsi yake sara, ɗan rami daidai faɗin kwano, yana kwashe ɓarɓashin da hannu. Ya shiga taki ɗaya, ya shiga kamu ɗaya, baƙin yumɓu dai. Har ransa ya fara kwanciya, yana cewa wataƙila haka abin yake har ƙarshen duniya, sai ya fito ya ce musu ya gwada. Rana tana tsakiya ya sake kai sara, dagin ya zarce kamar an soka shi a buhun gari, ya nutse har rabi, saura kaɗan ya kifa.

Ya zaro shi. Kafin ruwa ya wanke bakin ƙarfen, ya ga abin da ya manne a jiki: farin yashi, busasshe ƙamas.

Sai ya ji ƙarar. Ba babbar ƙara ba ce. Kamar tsoho yana kurɓar abu mai zafi a hankali. Ruwan da ke idon sawunsa ya fara juyawa, wani ɗan tsinke da ke yawo a kai ya zagaya sau biyu ya shige.

Daga sama sun ga ruwa yana motsi, sun ga ya sunkuya da sauri. Wata mata ta ce, "Ya ɓullo!" Aka ɗauki tafi da sowa. Shi kuwa ya sa ƙafa ya danne ramin. Ruwa ya bi ta tsakanin yatsunsa. Ya cire hula ya cusa, ya cire riga ya cusa, ya tattaro yumɓun da ya sara ya danna da gwiwa. Yana yi ana tafi. Maƙeri ne kaɗai bai tafa ba, don igiya tana hannunsa, kuma ta igiyar ya gane ba lafiya a ƙasa.

Da aka jawo shi, ba riga ba hula, ya zauna a bakin siminti ya ce, "Babu komai a ƙasa. Yashi ne. Ruwanmu a kan kaskon yake zaune, na huda shi."

Da an bar ramin yadda yake, daidai bakin dagi, wataƙila da ya toshu. Amma mutanen da suka riga suka tafa ba su iya komawa gida hannu wofi. Direba ya ce yashi alamar ruwa ne, an kusa, tsayawa yanzu ita ce hauka. Kwaɗo ya roƙe su, har ya riƙe gefen rigar mai gari. Mai gari ya ce, "To yanzu in an bari, me za mu sha?" Kwaɗo ya saki rigar. Masu haƙa suka zo su huɗu da diga da shebur. Cikin kwana biyu suka fasa kaskon daga bango zuwa bango, aka riƙa fito da shi gutsure-gutsure a kwando ana zubarwa a gefe, rana ta busar da shi ya tsattsage. Suka shiga yashi gaba biyar, ko danshi babu. A rana ta shida yashin ya zubo ya binne ɗayansu har ƙirji, da ƙyar aka zaro shi. Suka tattara kayansu suka hau mota.

Damina ta zo, kuma ta yi kyau a shekarar, abin da ya fi ciwo ke nan. Ruwa ya tsattsafo ta tsakanin duwatsu kamar yadda ya saba, ya gangaro yana sheƙi a jikin bango, ya sauka a kan yashi ya wuce. In ka kasa kunne a bakin rijiyar kana jin sa yana tafiya. Muka sha na rufin ɗaki da na kududdufi, muka yi noma, muka girbe. Da kaka ta wuce, Direba ya fara kawo ruwa a ganguna daga babbar gona, in zai koma kuma ya koma da gadaje da tukwanen wani gida.

Kwaɗo bai zauna ba. Shi da Maƙeri suka yi ta zuba laka a ramin, yashi yana haɗiyewa. Suka jera buhuna, suka zuba siminti buhu biyu da Auta ta aiko, ya tsage a wata guda. Daga nan ya ce to a haƙa sabuwa, tunda kasko ai ba a nan kaɗai ya tsaya ba. Majiya ƙarfi sun tafi, saura tsofaffi biyu da dagi ɗaya. Suka zaɓi wani ɗan wuri da ƙasa ta lotsa a bayan gidan Maƙeri, inda ba a taɓa gini ba, ba a taɓa shuka ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayar dalili.

Ba su kai ƙugu ba dagi ya daki dutse. Suka share, sai ga wani a gefensa, da wani. Baƙaƙen duwatsu a jere, a zagaye, ba laka ba siminti, kowane yana riƙe da maƙwabcinsa. Bakin rijiya ne. An cike cikinta da baƙin yumɓu, an daddanna shi hawa-hawa, aikin watanni. A saman cikon, a gicciye, ga wani ƙarfe da tsatsa ta ci. Maƙeri ya ɗauko shi ya kankare da wuƙa, ya jujjuya shi a rana. Dagi ne, ɗan'uwan wanda ke hannun Kwaɗo, amma an tanƙwara shi har bakinsa ya dawo yana kallon gindinsa.

"Wannan ba wurin aiki ya lanƙwashe ba," in ji Maƙeri. "A wuta aka sa shi. Da gangan aka yi."

Suka zauna a bakin ramin, ƙafafunsu a ciki. Ashe tamu ba ita ce rijiyar farko ba. 'Yan'uwan nan uku sun haƙa wannan, sun sami ruwa, sun so ƙari, sun huda kasko, sun ji irin ƙarar da Kwaɗo ya ji. Sai dai su matasa ne, ramin nasu ƙarami ne, sama kuma tana da ruwa a lokacin. Suka toshe, suka binne, suka matsa gaba kaɗan suka sake haƙawa, suka tsaya inda ya kamata.

"Me ya hana su faɗa?" in ji Kwaɗo. "Kalma nawa ce? Mun huda, ruwa ya gudu. Da ita kaɗai na je wurin taron nan..."

"Kunya," in ji Maƙeri. "Wa zai zaunar da ɗansa ya ce ni na kashe rijiyar farko? Gara ya mare shi."

Sun gwada wuri na uku, da taimakon mutum biyu da suka rage. Sun kai kasko bayan wata biyu, suka tarar da shi da ɗan danshi kamar goshin mai zazzaɓi. Ruwan duk ya karkata ya bi babbar ƙofar da aka buɗe masa.

Mai gari ya rasu a ranin nan, ba a naɗa wani ba. Gida goma suka koma biyar. Ɗan Maƙeri ya zo ya ɗauke shi, da uwar maƙera, ƙarfen da yake dukan aiki a kai, da zuga-zugansa. Da za su rabu Maƙeri ya ɗaga Kwaɗo sama da hannu biyu kamar yaro, ya ajiye shi ya ce, "Ka rame, banza. Yanzu da na riƙe ka da yatsa ɗaya." Ya juya da sauri ya shiga mota. Direba ne ya kwashe kusan kowa, gida bayan gida, kuma a duk zirga-zirgar nan bai yarda sun haɗa ido da kawunsa ba. Kwaɗo kuwa kullum sai ya yi masa sannu da hanya. Bai taɓa ɗora wa yaron laifi ba. Yakan ce tambaya ya yi, kuma tambayar tana kan hanya.

Su ne na ƙarshe. Ranar da motar ta zo dominsu, Mai Albasa ta share tsakar gida tas, ta je bayan gari inda 'ya'yanta biyu suke ta daɗe, ta dawo ta ja ƙofa ta saƙala mata kara. Ba a ɗauke ta ba, da ƙafarta ta hau. Kwaɗo ya bar igiya da dagin gidansu a bakin rijiya. Lanƙwasasshen ya naɗe a tsumma ya sa a ƙasan kaya.

Ɗakin birni taga ɗaya gare shi, kamar yadda ta faɗa. Gidan haya ne mai ɗakuna takwas, da famfo ɗaya a tsakar gida wanda yake kawo ruwa wasu ranaku da safe. A makon farko mijin Auta, mutumin kirki, ya zauna hira da surukinsa ya ce, "Baba, wai me ya faru da garin nan naku ne? An ce da har albasa kuke fitarwa."

Kwaɗo ya dubi ƙarƙashin gado inda tsumman yake. Ya dubi hannuwansa. Ya ce, "Ruwa ne ya ja baya."

"Allah sarki. Haka ake ta fama ko'ina."

Da mijin Auta ya fita, Mai Albasa ta dubi Kwaɗo. Shi ne ya ce, "Na so in faɗa. Ta zo har nan," ya nuna maƙogwaronsa, "ta ƙi wucewa."

"To ko ka faɗa, Malam, wa za ka yi wa gargaɗi? Wace rijiyar?"

Daga bakinta na ji wannan, da yawancin abin da na rubuta, sauran daga bakin Maƙeri. Shi bai taɓa ba kowa labarin ba har ya koma ga Allah, shekara huɗu bayan tashinsu. Garin kuwa yanzu kufai ne. Masu babbar gona sun shigar da shi cikin shingensu na waya, sun rufe bakin rijiyar da faifan ƙarfe don kada dabba ta faɗa.

Ta ce a shekarun nan huɗu bai yi ciwo ba, bai yi rigima da kowa ba, abu ɗaya ne kawai ya riƙa ba ta kunya a gaban matan gidan. Duk safiyar da famfo ya kawo ruwa, yakan fito ya tsaya a gefe yana kallo ana tara bokitai. Wanda ya zube yakan bi siminti ya gangara zuwa wani ɗan rami da ke kai shi kwata. Sai a ga tsohon ya matsa a hankali, kamar ba shi ba, ya ɗora faffaɗan tafin ƙafarsa a kan ramin. Ruwa ya taru ya kewaye masa idon sawu, ya fara malala wajen ƙofofin mutane, matan gida suna ɗage zannuwa suna ƙunƙuni.

Sai ta fito ta kama hannunsa ta ce, "Ɗaga ƙafarka, Malam. Bar shi ya wuce."